Daga Mafara Zuwa Yamai: Daren Da Na Ga Tal National

A farkon watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya. Lokacin ina shirin shiga ajin ƙarshe na sakandare a Talata Mafara. An rufe makarantu, an hana cin kasuwannin mako, har da tamu ta ranar Talata wadda garin ya samo sunansa daga gare ta. Shekarar ta zo mana da nauyi tun daga farkonta. A watan Fabrairu aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, a watan Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka ɗauke ɗalibai a Kaya ta Maradun. Duk waɗannan wurare babu wanda ya fi ƙarfin tafiyar babur daga ƙofar gidanmu.

To, yaro mai waya a hannu, ba kira, ba intanet, ba makaranta, me zai yi? Sai abin da ke cikin memori. Ni kuwa memorin da ke cikin wayata taubashina ne ya bar mini shi lokacin da suka zo Babbar Sallah daga Yamai, inda Kawu yake sayar da kayan gini a kasuwar Katako. Waƙoƙin Nijar ne cike da shi, mafi yawansu na wata ƙungiyar makaɗa mai suna Tal National. Da farko ban so su ba. Jita ce ke gudu kamar ana korar ta, ganguna suna bin ta, waƙar kuma wani lokaci da Hausa, wani lokaci da harshen da ban taɓa ji ba. Amma wanda ba shi da zaɓi ba ya raina abinci. Kafin a dawo da sabis na haddace su kaf, har waɗanda ban san ma'anarsu ba. In dare ya yi aka kulle ƙofa, kowa ya yi shiru yana sauraren ko kare zai yi haushi, ni sai in toshe kunnuwana da su.

Da sabis ya dawo na bi diddiginsu. An kafa ƙungiyar a Yamai a shekarar 2000. Shugabanta Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, makaɗin jita ne, kuma ya yi aikin alƙalanci, abin da ya sa na yi ta dariya ni kaɗai, ina ƙiyasta alƙalin garinmu rataye da jita. Sunan Tal na wani yankin rairayi ne a gabashin Nijar, wajen N'guigmi. Sun fitar da faifan Kaani a 2013, wanda shi ya fitar da sunansu zuwa Turai da Amurka, sai Zoy Zoy a 2015, sai Tantabara a 2018. A cikinsu akwai Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye. Na riƙe waɗannan shekaru fiye da yadda na riƙe na darasin tarihi.

Bayan na gama jarrabawar fita, a watan Disamba na 2022 Kawu ya zo gida gaisuwa. Na yi ta kewaye-kewaye har Inna ta gane abin da nake so, ta kai maganar gaban Baba. Baba ya dube ni ya ce, "Kiɗi za ya kai ka wata ƙasa?" Na sunkuyar da kai. Inna ta ce, "Malam, bar shi ya tai ya ga dangi, zaman mi yaka yi nan?" Baba bai ce komai ba sai bayan sallar isha'i. Ya kira ni ya gindaya sharuɗɗa biyu: kada sallah ta wuce ni, kuma kada in je ko'ina sai da sanin Kawu. Kuɗin guzuri kuwa nawa ne, na tara su daga dashen albasa a gonakin Bakalori.

Mun bar Mafara da hantsi, don yanzu ba mai shiga hanyar Sakkwato da asuba in ba dole ba. Daga Lambar Bakura zuwa Tureta ba wanda ya yi hira a motar. Wata tsohuwa tana jan carbi, direba yana kallon motocin da ke zuwa daga gaba, don in hanya ta yi tsit ba ka haɗu da kowa ba, to akwai magana. Sai da muka wuce Dange aka fara taɓa zance. A Sakkwato muka sauya mota, muka bi ta Kware da Gwadabawa zuwa Illela.

A Illela na fara sanin na zo bakin wata ƙasa. Na miƙa wa ɗan canji kuɗin albasata a ɗaure da roba, ya miƙo mini 'yan takardu da ba su cika tafin hannu ba. Jikka guda ta sefa a lokacin ta haura naira dubu. Kawu ya ce a zamanin samartakarsa 'yan Nijar ne ke rububin naira, ya girgiza kai, bai ƙara ba. Muka nuna takardunmu, muka tsallaka zuwa Birnin Ƙonni.

Gaskiya Ƙonni ba ta ba ni mamaki ba ko kaɗan, har na ji kamar an cuce ni. Hausarsu irin tamu ce, "lahiya lau", "mi kaka so", "ina zaka". Fura iri ɗaya, hula iri ɗaya. Bambancin sai a allunan shaguna da aka rubuta da Faransanci, da kakin jami'ai, da wasu kalmomi da ke faɗowa a tsakiyar magana: makaranta lakwal ce, unguwa kartiye, kwastan kuma duwan. Mun kwana a tashar bas, da asuba muka kama hanyar Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 400.

A nan ne ƙasar ta fara sauyawa. Mun wuce Dogon Dutsi, da duwatsunta jajaye masu shafaffen kai. Kawu ya ce ƙasar Arawa ce, kuma a wannan yanki ne Lugu take, garin Sarauniya Mangu da ta yi wa sojojin Faransa turjiya a 1899. A ƙofar manyan garuruwa jandarma kan hau mota ya duba katin kowa. Daga Dosso kunnena ya fara ɓacewa, domin Zabarmanci ya karɓe hirar motar. Gefen hanya ga layin dogo a shimfiɗe har Yamai, amma ban ga jirgi a kai ba. Wajen Kure yaron mota ya buga gilashi yana nuna daji, kowa ya juya. Raƙuman dawa ne guda uku suna cin ganyen ƙaya, ko kallonmu ba su yi ba. An ce a duk Afirka ta Yamma a nan Nijar ne kawai irinsu suka rage a daji. Kafin in ciro waya mun wuce.

Gidan Kawu yana unguwar Bukoki. Matarsa, wadda 'ya'yan maƙwabta ke kira Tanti, ta tarbe ni da dambu da kopto, wato zogalen da aka kwaɗa da ƙuli, ta ce in ci in huce gajiya. Washegari ta aike ni sayen burodi, irin dogon nan mai kama da sanda. Mai shago ya ce, "Dala arba'in." Na tsaya ina lissafi da dalar Amurka, gabana yana faɗuwa. Taubashina ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce baƙauye ya zo birni. Ashe a Nijar dala sefa biyar ce, dala ashirin ita ce ɗari, dala arba'in ɗari biyu, jikka kuma dubu. Duk wanda zai je, ya koyi ninka lissafi sau biyar tun daga gida, ya huta da abin kunya.

Kwana tara na yi, kuma taubashina ya ɗauki alhakin nuna mini gari, tare da tsokanar da ke tsakanin ɗan mace da ɗan namiji. Ya ce ni bawansa ne, na ce wa ya taɓa ganin ubangida yana yi wa bawa jagora. Mun shiga Babbar Kasuwa, mun yi Juma'a a babban masallacin da Libiya ta gina, mun wuce ta filin wasa na Seyni Kountché. Amma wurare biyu ne suka zauna mini.

Na farko gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959, kafin Nijar ta sami 'yancin kai. Gidan tarihi ne, gidan namun daji ne, kuma kasuwar masu sana'ar hannu ce, duk a fili ɗaya. Gine-ginensa farare ne da shuɗi, da zane irin na sorayen Hausa. Na ga dorina a karon farko. Na ga ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, waɗanda aka haƙo a saharar Agadas, har da na wani kada da tsawonsa ya kusa kai bas ɗin da ta kawo mu. Sannan ga wani busasshen icce a cikin rumfa, an kewaye shi kamar kabarin waliyyi. Iccen Tenere ke nan, wanda ya rayu shi kaɗai a tsakiyar rairayi, ba wani icce kusa da shi tsawon ɗaruruwan kilomita, ayari suna gane hanya da shi, har wata babbar mota ta banke shi a 1973. A duk faɗin sahara, direba bai ga abin karo ba sai shi. Yaran lakwal sun cika wurin, kowanne da littafi yana kwafar abin da ke jikin allo. Na yi tunanin yaushe rabon da a ɗebi ɗaliban makarantarmu a mota a kai su ganin wani abu, ko da madatsar Bakalori ce da ke bayan gari.

Na biyu gadar Kennedy, wadda aka gama a 1970. Mun taka ta da ƙafa da la'asar sakaliya zuwa Harobanda, ɓangaren da Jami'ar Abdou Moumouni take. Motoci da babura da amalanken jakuna duk a kanta. A ƙasa ga masu wanki sun shanya tufafi, ga masu kwale-kwale, ga lambunan kabeji da latas a bakin ruwa. Zabarmawa suna kiran kogin Isa Beri, wato babban gulbi, mu kuma Kwara. Na tuna taswirar da muka zana a aji: gulbin Sakkwato da aka datse a Bakalori yana gangarawa ya haɗu da Rima, sannan ya zuba a wannan kogi a ƙasar Kebbi. Na gaya wa taubashina cewa ruwan da ke wucewa ƙarƙashinmu zai je ya gamu da wanda na yi ban-ruwan albasa da shi. Ya ce to in tofa yawu ya kai wa Inna saƙo. Rana ta faɗi a bayan tsaunukan da ke hayin kogi, ruwan ya koma ja.

Abin da ya fi ba ni mamaki a Yamai ba gini ba ne, dare ne. Bayan isha'i samari kan fito da tabarma da benci da ɗan murhun gawayi a ƙofar gida, su kafa abin da suke kira fada. Ana dafa shayi zagaye uku, ana karta, ana gardamar ƙwallo har ƙarfe ɗaya. Mata suna sayar da soyayyen dankali a bakin titi. Daren farko na kasa zama, ina ta duban bakin lungu. Ba wai Nijar ba ta da nata tashin hankalin ba. A fadar ma akwai wani saurayi da iyayensa suka gudo daga wani ƙauye na jihar Tillaberi, kuma labarinsa bai bambanta da namu ba. Amma cikin birnin, dare na mutane ne.

A rana ta biyar na bi Kawu Katako. Kasuwa ce ta katako da ƙarfe da kwano, inda na ga ana narka tsofaffin gwangwanaye ana zuba tukwane. Maƙwabcin rumfar Kawu wani dattijo ne Bazabarme mai sayar da ƙusa da kwaɗo, yana jin Hausa sosai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Yaro, kai ɗan ina ne?"

Na ce, "Talata Mafara, Baba."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Mafara ta kusa da Maradun? Ƙasar Ɗanƙwairo?"

Na ce ita ce. Sai ya jawo wata tsohuwar rediyo mai cin kaset, ya busa mata iska, ya danna. Muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo ta tashi a tsakiyar ƙarar guduma da zarto. Dattijon ya lumshe ido yana kaɗa kai. Ya ce tun yana saurayi yake jin sa a rediyo, da shi da Shata da Ɗan Anace, kuma da waƙoƙinsu ya gyara Hausarsa. Sannan ya shiga yi mini tambayoyi. Wace waƙarsa na fi so? Shin 'ya'yansa suna nan suna kiɗa? Na taɓa ganin ana kaɗa kotso da idona? Sa'idu Faru fa, garin nasa yana da nisa da namu?

Ni da na san shekarar da kowane faifan Tal National ya fito, sai ga ni ina sosa ƙeya. Ɗanƙwairo a wurina kiɗan tsofaffi ne, abin da ake sakawa a gidan rediyo in za a yi sanarwar naɗin sarauta. Kawu ne ya cece ni. Ya ce an haifi Ɗanƙwairo a Ɗankadu ta ƙasar Bakura, ya yi suna da Maradun, ya rasu a 1991. Ya ce Faru tana ƙasar Maradun, kuma Sa'idu Faru, da ake wa laƙabi da Malamin Waƙa, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo ne, wanda ya yi hakimcin Mafara tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Wato a garinmu aka yi wannan kiɗa, a fadar da nake wucewa kullum in an aike ni kasuwa. Dattijon ya dube ni ya ce, "To kai me ya kawo ka Yamai?" Na ce na zo ganin Tal National. Ya yi dariya har ya yi tari, ya ce yaran suna da ƙoƙari, ya ba ni goro.

Maganar ganin nasu kuwa ta kusa zama tatsuniya. Taubashina ya yi ta cika baki a gida cewa kullum suna wasa, kuma ba ƙarya ya yi ba, don an san su da yin wasa dare biyar a mako, su ɗauki awa biyar suna kiɗa. Amma wasu wuraren da suke wasan ba inda Kawu zai bar mu mu shiga ba ne, ni kuma na yi wa Baba alkawari. Kwana bakwai suka wuce. Na fara haƙura, ina cewa ai na ga dorina. Ana saura kwana biyu in tafi, wani ɗan fadarsu ya zo da labari: ana bikin 'yar uwar abokinsa a wata unguwa, kuma su aka ɗauko. Muka je wurin Kawu. Ya tambayi gidan wa, ya tambayi wa zai kai mu, sannan ya ce mu dawo kafin ƙarfe sha biyu.

An toshe titi da rumfuna, an jera kujerun roba, mata sun yi anko, yara sun hau katanga. Ba wanda ya tambaye mu katin gayyata. A can gaba an shimfiɗa darduma, an kafa lasifika, wasu mutane suna ɗaura wayoyi suna gwada makirfo. Na zaci ma'aikata ne. Sai ɗaya ya rataya jita, wani ya zauna a bayan ganguna, wani ya saƙala kalangu a hammata. Ashe su ne. Ba fitilu masu walƙiya, ba masu gadi, ba hayaƙi irin na bidiyo. Mutanen da suka yi wasa a biranen Amurka, ga su a kan titin ƙasa, tazarar da ke tsakaninmu ba ta fi tsawon tabarma uku ba.

Da suka fara, na gane cewa shekara ɗaya da rabi ina jin rabin kiɗan ne kawai. Ƙaramar waya ba ta fitar da ƙasan sauti. A nan kuwa a ƙirji nake jin sa. Jita biyu suna zagaye juna, ɗaya ta kama wani ɗan gajeren zubi tana maimaitawa, ɗayar tana saƙa a kansa, kamar masu sussuka da ba sa bari taɓarensu su yi karo. Mai ganguna yana raba bugu ta yadda in ka bi shi da ƙafa sai ka ɓace, ka dawo ka same shi inda ka bar shi. Ba sa tsayawa tsakanin waƙa da waƙa. Sai dai ka ji kiɗan ya karkata, mata sun yi guɗa, wasu sun koma kujera wasu sun taso, ka san an shiga kiɗan wata ƙabila. In aka juya zuwa Zabarmanci, 'yan mata su fito da rawar kafaɗa. In aka shiga salon Buzaye, wasu masu rawani su miƙe suna taku a hankali. Mawaƙa suna karɓa-karɓa, wanda ya gaji ya miƙa makirfo ya koma gefe ya sha ruwa, kiɗa bai yanke ba. Masu liƙi suna manna takardun sefa a goshi, wani yaro yana bi yana tsincewa.

Da aka zo wata waƙa ta cikin memorina, na tsinci kaina ina rerawa da ƙarfi da Zabarmancin da ban san ma'anarsa ba. Wata mata a gefena ta juyo tana dariya, ta yi mini magana da harshen. Na ce, "Yi haƙuri Hajiya, ba na ji." Ta ce, "Ba ka ji kake waƙa?" Taubashina ya ce mata ɗan Najeriya ne, daga Zamfara ya zo don wannan. Ta ce, "Zamfara? Allah ya kawo muku sauƙi." Ta ciro dala ɗari ta ce in je in liƙa. Na je. Hannuna yana rawa na manna wa mai kalangu, ya ɗaga gira ya matse kalangun a kunnena ya yi wani kiɗa gajere, jama'a suka yi shewa.

Wajen ƙarfe goma da rabi wani abu ya fashe a bayan rumfa, ƙara biyu a jere. Ban san lokacin da na bar kujera ba. Sai ganina na yi a ƙasa, na rufe kai da hannu, ina laluben ta inda zan bi. Kiɗa bai tsaya ba. Ba wanda ya motsa. Yara ne suka kunna abin fashewa na wasa, irin na ƙarshen shekara. Na tashi ina kakkaɓe ƙura, ina jiran taubashina ya fara tsokana, don wannan ya fi na dala arba'in. Bai ce komai ba. Ya gyara mini kujera, ya dafa kafaɗata. Can gefe na hango saurayin nan na Tillaberi, shi ma yana kakkaɓe gwiwar wandonsa. Muka haɗa ido, kowa ya kau da kai.

Daga nan kunnena ya koma kan mai kalangu da 'yan amshi. Jagora ya jefa magana, su cafe, su ƙara mata, su mayar masa, ganga tana faɗin abin da baki bai ƙarasa ba. Na ji wannan a wani wuri, kuma ba da daɗewa ba: a rumfar mai ƙusa, daga cikin tsohuwar rediyo. Ban ce kiɗansu ɗaya ba ne, don jita daban kotso daban, kuma waƙar fada ba waƙar rawar biki ba ce. Amma yadda ake miƙa magana tsakanin jagora da 'yan amshi, da yadda fata ke magana, wannan na gida ne. Inna ta sha ba ni labarin bikinta, yadda aka kwana ana kiɗa a ƙofar gida, makaɗa suka zo daga ƙauyukan Bakura da ƙafa cikin farin wata. Ni tun da na yi wayo, bikin garinmu ɗaurin aure ne da safe, a kai amarya kafin magariba, kowa ya watse. Ban taɓa jin rashin ba sai a wannan dare, a kan titin wasu mutane.

Mun bar wurin sha biyu saura kwata suna tsakiyar kiɗa. Har muka kai bakin kwalta muna jin ganga.

Ranar tafiya Tanti ta ɗaure mini kilishi da sabulu da atamfa ta Inna. Na biya ta Katako na yi wa dattijon sallama. Ya ce in na koma in gaida Maradun. Taubashina ya raka ni tasha, muka yi alkawari da damina zai zo in kai shi Bakalori, in Allah ya sa hanya ta yi kyau mu leƙa har Faru. Bai samu zuwa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023 aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024, kuma ko da aka buɗe, Inna da kanta ta aika wa Kawu cewa kada a turo yaro tukuna.

Talatar farko bayan dawowata na shiga kasuwa wurin mai tura waƙoƙi a waya. Na ce ya zuba mini Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, duk abin da yake da shi. Ya dube ni ya ce, "Tsoho ya aiko ka?" Na ce nawa ne. Ya ce memorin ya kusa cika, sai an goge wasu. Na ce kada ya taɓa na Nijar, ya goge finafinan.

Da daddare ina saurare a zaure, ban sa abin kunne ba. Baba ya dawo daga masallaci, ya tsaya a bakin ƙofa da takalmi a hannu. Na yi sauri zan kashe. Ya ce, "Bar shi." Ya zauna a kan buzu, ya ce wannan waƙar ya ga an yi ta da idonsa a ƙofar fada yana yaro, a kan wuyan yayansa. Ya fara ba ni labarin ranar, wa ya zo, wa ya ba da doki, har Inna ta leƙo ta ce tuwo yana hucewa.